Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Garin da ke bakin babbar hanya ba ya rabuwa da baƙi. Yashe tana kan titin da ya taso daga Kano, ya ratso Bichi da Tsanyawa, ya nufi Kankiya da Katsina, kuma a nan ne hanyar Malumfashi da Funtuwa take ɓallewa ta yi kudu. Saboda haka mun saba da fatake da direbobi da matafiya masu neman wurin sallah. Amma akwai wasu baƙin da ba ciniki ke kawo su ba, tambaya suke zuwa yi. Tun ina ƙarama nake ganinsu, a da da jakar takardu da biro, yanzu da waya ko ƙaramar kwamfutar hannu. Sukan fara da gaida mai gari, a haɗa su da ɗan rakiya, sannan su bi gida-gida. Mutum nawa ke kwana a gidan nan? Dami nawa aka samu bara? Yara nawa aka haifa, nawa suka rayu? Daga ina kuke ɗebo ruwan sha? Wasu su auna damtsen yara da zare mai launi, wasu su ɗebi ƙasar gona a leda, wasu su ɗiga jinin yatsa a kan gilashi. Kafin la'asar ta yi sanyi sun shiga mota.

Ban taɓa ganin an kore su ba. Mutanenmu suna ba da amsa, har su haɗa da tabarma da ruwan randa. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda amsoshin nan suke tafiya, da kuma dalilin da ya sa idan ɗan gari ya tashi nemansu sai ya rasa ƙofar da zai yi sallama. Hausawa na cewa rijiya ta bayar, guga ya hana. A wannan lamari mu ne rijiyar, kuma mun bayar. Gugan kuwa shi ne duk hanyar da bayani ke bi daga bakin mai amsa zuwa hannun mai buƙata: takardar da aka cika, kwamfutar da aka zuba ta a ciki, ofishin da aka ajiye, da harshen da aka rubuta rahoto da shi. A nan ne ruwan yake tsiyayewa.

Ni ma na taɓa riƙe gugan. Bayan na gama sakandare, wata ƙungiya ta nemi 'yan mata masu karatu, domin maza ba sa shiga gidajen aure. Aka koya mana cika fom na 'yan kwanaki, aka rarraba mu ƙauyukan da ke tsakanin Kusada da Kankiya. A wani gida na iske wata tsohuwa tana ɓarzar gero. Ta saurari tambayoyina har na kai ƙarshen shafin farko, sannan ta ɗago kai.

"Ɗiyata, bara ma an zo an tambaye ni wannan. Bara waccan ma haka. Mi aka gano?"

Na ce, "Iya, mu namu mu rubuta ne mu miƙa."

"Ku miƙa ma wa?"

"Ga na sama da mu."

Ta yi dariya, ta ce, "Ashe ke ma 'yar aike ce. To, rubuta. Amma in kin ga mai aiken ki ce tsohuwa na gaishe shi, ta ce ko gishiri aka ara akan maido ƙoƙo."

Shekaru kaɗan bayan haka na tsaya a ɗaya gefen. Ina karatun labarin ƙasa a jami'a, na zaɓi in rubuta kundina na kammalawa a kan rijiyoyin burtsatse na yankinmu: nawa aka haƙa, nawa ke ba da ruwa, a wane zurfi. Na san an sha zuwa ƙirga su, domin ni kaina na taɓa cika layin da ke tambayar inda gida ke ɗebo ruwa. Na shiga ofisoshi da dama da takardar gabatarwa daga sashenmu. A wani wuri aka ce jami'in da ke riƙe da fayil ɗin an yi masa canjin wurin aiki, kuma shi kaɗai ya san inda ya ajiye. A wani aka ce bayanan suna cikin wata kwamfuta da ta daina tashi. A wani kuma wani dattijo mai kirki ya buɗe mini sito da kansa, muka tarar gara ta riga mu, ta cinye tsakiyar rahotannin ta bar bangwaye. Babu wanda ya wulaƙanta ni, babu kuma wanda ya ɓoye mini wani abu da gangan. An dai tara bayanan ne don a rubuta rahoto ɗaya, da rahoton ya fita sai suka zama marayu.

Mai karatu zai iya cewa wannan damuwar ɗalibai ce kawai. Bari in nuna inda take taɓa tukunyar kowa. Yankinmu na tsakiyar Katsina yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a irin wannan wuri ba shimfiɗe yake ko'ina ba kamar yadda yake a ƙasa mai yashi da laka. Yana taruwa ne a inda saman dutsen ya ruɓe ya yi kauri, ko a cikin tsagogin da ke jikinsa. Shi ya sa za a haƙa nan a sami ruwa, a matsa kaɗan a haƙa a sami ƙura. Duk mai haƙa rijiyar burtsatse yana ganin abin da babu wanda zai ƙara gani: a mita nawa jar ƙasa ta ƙare, a nawa aka shiga ruɓaɓɓen dutse, a nawa aka ci karo da mai tauri, a ina ruwa ya fara fitowa, da yawan da ya bayar a awa guda. Idan an rubuta wannan a shafi ɗaya, ya zama haske ga duk wanda zai haƙa a kusa. Idan ba a rubuta ba, ya bi motar haƙar ya tafi.

A unguwarmu an taɓa yin karo-karo don a sami famfon tuƙa-tuƙa. Masu awaki suka sayar, mata suka kawo kuɗin adashi. Injin ya wuni yana ruri, farar ƙura ta rufe bishiyoyi, ba a sami ko laima ba. Bayan 'yan makonni wani tsohon mai haƙa rijiya ya tsaya sallar azahar a masallacinmu, ya ga tarin garin dutsen, ya ce wa mahaifina, "Alhaji, ai da kun tambaya. Shekarun baya an haƙa a bayan wancan dalbejiyar, ina cikin yaran da suka yi aikin. Dutse ne har ƙasa, muka toshe muka tafi." Dattawa suka tuna lallai an taɓa kawo wata mota wurin, amma babu wanda ya san zurfin da aka kai ko dalilin da ya sa aka fasa. Ramin da bai ba da ruwa ba ma ilimi ne, kuma an biya kuɗinsa. Mu muka sake biya karo na biyu saboda babu inda aka rubuta shi.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar bincike ba ce, kuma wurare uku da ba su da nisa da mu sun isa su nuna yadda makomar bayanai take bambanta. Na farko shi ne Malumfashi. A cikin shekarun 1970, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila suka gudanar da wani babban bincike a can kan cututtukan da suka zama ruwan dare. An ƙirga jama'a, an nazarci zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da saran maciji. Daga 1977 zuwa farkon shekarun 1980 sakamakon ya yi ta fitowa kashi-kashi a wata mujallar likitanci ta Libaful. Aiki ne mai daraja ƙwarai. Sai dai da Turanci yake, kuma mai son karanta yawancin maƙalun a intanet yau sai ya biya da kuɗin waje ko ya kasance a jami'ar da ta biya. Jikan mutumin da aka gwada fitsarinsa a wancan lokaci, ko da shi ne ma'aikacin asibitin ƙauyensu a yau, da wuya ya iya kaiwa gare su.

Na biyu shi ne Batagarawa, kusa da birnin Katsina. A 1967 wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a can tana nazarin tattalin arzikin manoma, ta fitar da littafinta a 1972. Abin da ya burge ni ranar da na fara riƙe littafin shi ne wani babban kaso na ƙarshensa, inda ta jera kalmomi bisa tsarin abacada ta yi wa kowace sharhi: mene ne gandu, mece ce gayauna, yaya ƙwadago yake. Ta san cewa alƙaluman gonaki ba za su amfani wanda bai san ma'anar da ta ba kowace kalma ba, sai ta bar wa na baya mabuɗi. Shi ya sa har yau mai nazarin noman ƙasar Hausa zai iya ɗora abin da ya gani a kan abin da ta gani ya auna tazarar da ke tsakani.

Na uku shi ne Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuma Jigawa. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gwada ko za a iya katse yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro ta hanyar fesa maganin ƙwari a ɗakuna da raba magani ga kowa da kowa a wasu ƙauyuka. Duk bayan mako goma ana ɗiban jinin mazauna ƙauyukan da aka zaɓa a duba, ana kuma kama sauro a ƙirga. Cutar ta ragu sosai amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina aikin sai ta dawo. Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka buga cikakken bayani a 1980. Da a nan aka tsaya, da sai a ce gwaji ne da bai kai ga gaci ba. Amma an adana ɗanyen bayanan a tsare, daga baya aka ɗora su a intanet, har masana a wurare irin su Basel ta ƙasar Siwizalan suka riƙa amfani da su wajen gina lissafin da ake hasashen tasirin matakan yaƙi da cutar da shi. Jinin da manoman Garki suka bayar ya ci gaba da aiki shekaru da dama bayan an kwashe madubin likita an tafi, a hannun mutanen da wasunsu ba a ma haife su ba lokacin da aka ɗebe shi.

A 2016 wasu masana daga ƙasashe daban-daban suka wallafa ƙa'idoji huɗu na kula da bayanan bincike, waɗanda aka fi sani da FAIR. A taƙaice suna cewa: bayani ya kasance mai samuwa ga mai nema, mai hanyar isa gare shi, mai jituwa da sauran bayanai, kuma wanda za a iya sake amfani da shi. An rubuta su ne da tunanin manyan kwamfutoci, amma kowace ɗaya na ga fassararta a ƙofar gidanmu.

Ɗauki samuwa. Sunan garinmu kansa a wasu taswirori Yashi ne, a wasu Yashe. Kankiya wani ya rubuta Kankia. Dutsin-Ma tana da rubutu iri uku ko fiye. Kwamfuta kuwa ba ta san ƙasa ba, harafi take bi. Bayan haka, ƙasar da kakana ya noma tana Lardin Katsina a zamanin Turawa, ta shiga Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967, sunan ya koma Jihar Kaduna a 1976, sannan aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Gonar ba ta motsa ba, amma takardunta sun warwatsu a ƙarƙashin sunaye huɗu, wasu a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, wasu a Katsina. Ɗalibin da ya rubuta Garki a intanet kuwa, unguwar Abuja za a fara nuna masa. Maganin wannan ba mai tsada ba ne: a rubuta duk sunayen da aka san wuri da su, a haɗa da lambobin da ke nuna matsayinsa a doron ƙasa, waɗanda yau ƙaramar waya ma tana bayarwa.

Ɗauki jituwa. Mai bincike ɗaya ya rubuta amfanin gona da dami, wani da buhu, wani da tiya, wani da kilo. Damin gero ba ɗaya yake da damin dawa ba, kuma damin wannan gari ba lallai ya yi daidai da na wancan ba. Tiyar wata kasuwa ta fi ta wata ciki. Idan wanda ya auna bai faɗi nauyin ma'auninsa ba, alƙalumansa ba za su zauna a tabarma ɗaya da na kowa ba, ko da kuwa ya yi aikinsa da gaskiya.

Batun sake amfani kuwa, a gida na koye shi. Kakana ya bar wani ɗan littafi da ya riƙa rubuta ranar ruwan shuka a ciki da ajami, shekara bayan shekara. A gefen wasu shekarun akwai ɗan da'ira, a gefen wasu gicciye. Bayan rasuwarsa littafin ya zauna a cikin adaka, ana girmama shi ba a karanta shi. Wata rana na kai wa kakata. Ta ce, "Kawo nan, 'yar nan. Wannan zagayen shekarar da ya yi binne ce, ya shuka kafin ruwa ya sauka. Wannan kuma shekarar da shuka ta ƙone aka sake." Na rubuta abin da ta faɗa a wata takarda na manna a bangon littafin. Sannan na zauna na juya kwanakin daga watannin Musulunci zuwa na boko, domin watan sama yana zagayawa, damina kuwa rana take bi. A ranar ne rubutun ya tashi daga abin tunawa ya zama abin da za a iya jerawa da alƙaluman ma'aunin ruwan sama. Da kakata ta riga mu gidan gaskiya kafin wannan hira, da da'irar da gicciyen sun zama zane kawai.

Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Katsina ƙasar malamai ce tun kafin zamanin Ɗan Marina da Ɗan Masani a ƙarni na 17. Masu kwafar littattafai da hannu sukan rufe aikinsu da ambaton sunan littafin da na wanda ya kwafa, wani lokaci har da wanda aka kwafa dominsa. Malami idan ya ba ɗalibi izinin karantar da littafi, yakan jero masa waɗanda ya karɓa daga gare su, wane daga wane. Ma'anar ita ce ilimin da ba a san hanyar da ya biyo ba, ba a gina hukunci a kansa. Abin da ake nema ga mai binciken zamani ke nan: ya faɗi wa ya tara, yaushe, a ina, da wane ma'auni, kuma me ya gyara daga baya.

Duk da haka, ba zan ce a buɗe kome ga kowa ba, domin masu ɗari-ɗari suna da hujja. Hujja ta farko ta manazartanmu ce. Malamin jami'a ya ciri kuɗi daga albashinsa, ya sha rana a kan babur, ya tara bayanai na shekara biyu. Idan ya zuba su a fili, wani mai wutar lantarki da ba ta ɗaukewa da babban ɗakin karatu zai iya riga shi wallafa sakamako, a yi kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan tsoro gaskiya ne. Amma aljihun tebur ba ya kare haƙƙi, gara da lalacewar kwamfuta kawai yake jira. Abin da ke karewa shi ne ajiya a rumbun da ke ba kowane tarin bayanai lambar shaida ta dindindin da kwanan wata da sunan mai shi, ta yadda duk wanda ya ɗiba dole ya ambace shi. Irin waɗannan rumbuna suna nan, har da na kyauta kamar Zenodo, wanda cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Janeba take kula da shi tun 2013, kuma mai ajiya yana iya kulle kayansa zuwa wani wa'adi har ya gama nasa rubutun. Saura jami'o'inmu su riƙa lissafa tara bayanai masu inganci a cikin ayyukan da ake ƙarin girma da su.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, domin ta shafi rai. Dattawanmu sun san zamanin da ƙirga kai da ƙirga shanu ke nufin haraji da jangali, kafin gwamnatin Balarabe Musa ta soke su a Jihar Kaduna a 1979, kuma har yau wasu in an tambaye su yawan dabbobinsu sai su rage. Yanzu kuma ga abin da ya fi jangali muni. A jihar da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka addabi yankuna da dama, takardar da ke nuna sunan magidanci da ƙauyensa da yawan shanunsa da buhunan da ya girbe, jagora ce ga mugu. Haka nan matar da ta faɗa mini ɓarin da ta yi, wanda ko kishiyarta ba ta sani ba, amana ta ba ni. Dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta kafa a 2023 ta ɗora wa mai tara irin wannan bayani nauyin tsare shi. Akwai kuma dabarun da aka daɗe ana bi. A binciken lafiyar iyali da ake gudanarwa a ƙasar nan lokaci-lokaci tun 1990, ana cire sunaye kafin a ba manazarta bayanan, kuma ana gusar da alamar wuri a taswira da gangan, har zuwa kilomita 2 a birni, a karkara kuwa yawanci har zuwa 5, don kada a gane gida. Ke nan akwai abin da za a shanya a fili, kamar zurfin rijiya da yawan ruwan sama da irin ƙasar gona, akwai kuma wanda sai an nemi izini an faɗi dalili. Ko wanda aka kulle ɗin ma, ya kamata a san yana nan, a san wanda ke riƙe da mabuɗi.

Akwai abu guda da ƙa'idojin nan huɗu ba su ambata ba, wanda tsohuwar nan mai ɓarzar gero ta riga su faɗa, wato maido ƙoƙo. Bayanin da masani a Turai zai iya saukewa cikin minti guda, amma mai unguwar da aka tara shi a ƙofar gidansa bai taɓa jin sakamakonsa ba, har yanzu bai iso gida ba. Isowarsa gida ita ce shafi ɗaya ko biyu da Hausa, a boko da ajami, a kai fadar mai gari da asibitin sha-ka-tafi da makarantar firamare. Ita ce mai bincike ya dawo ya zauna a dandali ya ce ga abin da muka gano, ga abin da ya fi ƙarfinmu. Ita ce minti goma a gidan rediyo. Mutanen da aka dawo wa da amsa sau ɗaya za su fi faɗin gaskiya a karo na gaba, don haka ko don ingancin bincikensa ma, mai hankali zai dawo.

Jihar Katsina a yau tana da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Al-Qalam da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ga kwalejojin ilimi, ga makarantar koyon aikin lafiya a nan Kankiya. Kowace shekara ɗalibai masu yawa suna fita ƙauyuka da takardun tambayoyi. Da za a ce kowane ɗalibi, ranar da zai miƙa kundinsa, ya haɗa da jadawalin alƙaluman da ya tara, an cire sunayen mutane, da shafi guda mai bayyana ma'anar kowane layi, a ajiye a rumbun makaranta mai kwafi a wani wuri dabam, da cikin shekara goma mun mallaki tarihin rijiyoyinmu da gonakinmu da cututtukanmu wanda babu baƙon da zai iya tara mana irinsa. Ɗalibar da za ta zo bayana ba za ta fara daga inda na fara ba. Za ta ɗora daga inda na tsaya, ta kuma gyara inda ma'aunina ya gaza.

Kafin a kai ga wannan, akwai matakin da ba ya buƙatar intanet ko janareto. Kusan kowane famfon da aka haƙa a ƙauyukanmu yana da allo a gefensa, ɗauke da sunan wanda ya ba da kuɗi da na ɗan kwangila da shekarar da aka yi aikin. A ƙara layi uku a ƙasa: zurfin ramin, inda aka sami ruwa, da yawan da yake bayarwa. A sa a cikin sharuɗɗan kwangila cewa ba za a biya cikon kuɗi ba sai an miƙa takardar haƙa, kwafi ɗaya ga ƙaramar hukuma, ɗaya ga mai gari. Ramin da ya fito a bushe shi ma a kafa masa ɗan turken siminti a rubuta zurfinsa, domin unguwar da za ta sayar da awakinta nan da shekara ashirin ta san inda ba za ta kai injin ba.